Layi da Kusurwa da Siffa: Kalmomin Farko na Ilmin Awo

Kowace sana'a tana da kalmominta. Maƙeri yana da uwar maƙera da awartaki da zugazugi, kuma yaron da bai san sunayen nan ba, in an aike shi ya ɗauko wannan sai ya kawo wancan. Haka ilmin awon siffofi ya ke, wanda Larabawa ke kira handasa, Turawa kuwa jiyometiri. Mu da za mu fita mu tsaya gaban yara, tilas mu riƙe kalmominsa sosai da harshenmu, gama abin da malami bai iya faɗa da Hausa ba, da wuya ya shigar da shi kan yaro. Ba kuwa a allo kaɗai amfaninsu ya tsaya ba. Da su a ke aza harsashin ɗaki, da su a ke raba iyakar gona.

Asalin ilmin

Sunan jiyometiri daga harshen Yunanawa ya fito, ma'anarsa awon ƙasa. Hirodotus, marubucin tarihinsu, ya ce a Masar aka fara shi, domin in kogin Nilu ya yi ambaliya ya ci gefen gonar mutum, sai a sāke aunawa don a daidaita masa haraji. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani a Iskandariyya, wanda Larabawa ke kira Uƙulidis, ya tattara abin da aka sani ya tsara shi cikin littafi mai kashi 13. An juya littafin da Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, wanda ya yi sarauta daga 786 zuwa 809. Daga Larabcin ne wani Bature, Adelad na garin Bat, ya juya shi da Latin wajen 1120. An fara buga shi a Fenis a 1482, na Ingilishi kuwa ya fito a 1570. Saboda haka kada mu yi mamaki in mun ga wasu kalmominmu, kamar murabba'i da da'ira, daga Larabci su ke.

Ɗigo da layi

Mafarin abin duka ɗigo ne. Ɗigo wuri kawai ya ke nunawa, ba shi da tsawo, ba shi da faɗi. Layi kuwa yana da tsawo, amma ba a lissafa masa faɗi, ko da ya ke wanda mu ke ja da alli yana da kauri don ido ya gani. Miƙaƙƙen layi shi ne hanya mafi gajarta tsakanin ɗigo biyu, kamar igiyar da aka ja ta yi tsam tsakanin turaku biyu. Wanda ba haka ba shi ne lanƙwasasshe, kamar bakin ƙwarya.

Layuka biyu miƙaƙƙu a kan shimfiɗa ɗaya, ko su gamu a ɗigo ɗaya, ko kuwa kada su gamu ko kaɗan. Waɗanda ba su gamuwa, kome nisan da aka ja su, mu kira su layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Misalinsu ƙarafan hanyar jirgin ƙasa. Hanyar da ta iso Kano a 1911 an shimfiɗa ta da tazarar ƙafa 3 da inci 6 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma da tazarar nan za ta ƙaru ko ta ragu ƙwarai a wani wuri, da jirgi ya sauka daga kan hanya.

Kusurwa

Inda layuka biyu suka gamu, buɗewar da ke tsakaninsu ita ce kusurwa. Ma'auninta digiri. Mutum in ya tsaya yana fuskantar gabas, ya juya har ya komo yana fuskantar gabas, ya yi digiri 360. Ƙidayan nan gādo ne daga mutanen Babila, waɗanda ke lissafi da sittin sittin, kuma tana da daɗin rabo, gama 2 da 3 da 4 da 5 da 6 da 8 da 9 da 10 da 12 duk suna raba 360 ba saura.

Hannuwan agogo su ne malaminmu a nan. Da ƙarfe 3 daidai, suna yin rubu'in juyi, watau digiri 90. Wannan ita ce kusurwa madaidaiciya, irin ta gefen takarda, irin wadda kafinta ke gwadawa da sukwaya. Da ƙarfe 1 suna yin digiri 30. Duk kusurwar da ta gaza 90 ita ce tsukakkiya. Da ƙarfe 4 suna yin 120, kuma wadda ta wuce 90 ba ta kai 180 ba ita ce buɗaɗɗiya. Da ƙarfe 6 hannuwan sun miƙe sun zama layi ɗaya, digiri 180 ke nan, miƙaƙƙiyar kusurwa.

Akwai wani kuskure da ya kan kama yara, ya kamata mu tare shi tun da wuri. Su kan zaci kusurwa mai dogayen hannuwa ta fi mai gajeru girma. Ba haka ba ne. Ƙarfe 3 a ƙaramin agogon hannu da ƙarfe 3 a babban agogon bango duk digiri 90 ne. Buɗewa a ke aunawa, ba tsawon hannu ba.

In layuka biyu suka gicciye juna, kamar almakashi, sai a sami kusurwa huɗu. Masu duban juna daidai su ke, maƙwabta biyu kuwa in an gama su 180 ne. Saboda haka in ɗaya ta zama 50, mun san sauran ba tare da awo ba: 130 da 50 da 130.

Siffofi masu gefuna

In miƙaƙƙun layuka suka kewaye fili suka rufe shi, sun yi siffa mai gefuna. Layi biyu ba su iya rufe fili, don haka ƙaramarsu ita ce mai gefe 3, watau alwatika. Kusurwoyin kowace alwatika in an gama su 180 ne. A sa yaro ya yanke alwatika ta takarda, ya yage kusurwoyin ukun ya jera su baki da baki, zai ga sun kwanta bisa layi ɗaya. Alwatika ce kaɗai ba ta karkacewa in an danna ta, muddin gefunanta ba su karye ba, shi ya sa mu ke ganinta a katakon rufin kwano da ƙarafan gada.

Mai gefe 4 iri-iri ce. Murabba'i gefunansa huɗu daidai su ke, kusurwoyinsa duka madaidaita. Murabba'i mai dari shi ma kusurwoyinsa madaidaita ne, amma tsawonsa ya fi faɗinsa, kamar ƙofa ko allon aji. In aka ja layi daga wata kusurwa zuwa mai dubanta, siffar ta rabu alwatika biyu, don haka kusurwoyinta 360 ne.

Dabarar nan ta isa ga sauran duka. A cire 2 daga yawan gefuna, abin da ya rage shi ne yawan alwatikan da ke ciki, sa'an nan a riɓa shi da 180. Mai gefe 5 tana da alwatika 3, watau 540. Mai gefe 6 tana da 720, mai gefe 8 kuwa 1080. In gefuna da kusurwoyi duk daidai su ke, kowace kusurwa ta mai biyar 108 ce, ta mai shida 120, ta mai takwas 135. Ƙubbar Sakhra ta birnin Ƙudus, wadda aka gama wajen 691, bisa gefe 8 aka gina ta.

Cikin siffofin nan masu daidaito, uku kaɗai ke rufe daɓe ba rata: alwatika da murabba'i da mai gefe shida. Dalili kuwa, inda kusurwoyi suka haɗu tilas su cika 360, ga shi 60 sau 6, da 90 sau 4, da 120 sau 3, duk sun cika, amma 108 ba ta raba 360. Wanda ya duba saƙar zuma zai ga ƙudan da mai gefe shida su ke gini.

A filin aiki

Ga yadda za mu fitar da kusurwa madaidaiciya ba da kayan awo ba. A sami igiya a yi mata alama a raba ta kashi 12 daidai, a gama bakinta biyu. A kafa turaku uku a ja ta tsam, gefe ɗaya kashi 3, ɗaya 4, ɗaya 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 digiri 90 ce cif, gama 9 da 16 sun yi 25, watau 5 sau 5. In an gama zana harsashin ɗaki, bayan an tabbata gefuna masu duban juna daidai su ke, a auna daga kusurwa zuwa mai dubanta ta ɓangare biyu. In awo biyun ba su zo ɗaya ba, ɗakin ya karkace, gara a gyara tun ba a ɗora tubali ba.

Na ƙarshe, kada a gauraya kewaye da faɗin fili. Gona mai taki 10 kowane gefe, da wata mai tsawon 15 da faɗin 5, duka kewayensu taki 40 ne. Amma ta farko murabba'in taki 100 ce, ta biyu 75. Wanda ya yarda aka musanya masa don an zaga su an ga tafiyar ɗaya ce, ya yi hasarar rubu'in gonarsa.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, kowace kalma daga cikin waɗannan a nuna wa yaro ita a jikin abu kafin a rubuta ta a allo. A ba shi igiya da turaku da takarda, ya ja, ya naɗe, ya auna da hannunsa. In kuwa wani cikinmu ya san kalmar da magina ko masassaƙan garinsu ke amfani da ita wadda ta fi waɗanda muka kawo dacewa, ya rubuto ta, mu duka mu ƙaru.