Zaɓen kujerar taga a jirgin sama

Zaɓen kujerar taga shi ne fasinja ya tantance ɓangaren da zai zauna a jirgin sama, hagu ko dama, domin ya kalli ƙasa da kyau yayin tafiya. Abu uku ne suke yanke hukunci: inda jirgin ya dosa, inda rana take a lokacin, da kuma yanayin shekara.

Harafin kujera

Ana jera haruffan kujeru daga hagu zuwa dama idan mutum yana fuskantar gaban jirgi. Saboda haka kujera mai harafin A kullum tagar hagu ce. A jirage masu kujeru shida a layi, kamar Boeing 737 da Airbus A320, tagar dama ita ce F, amma a ƙananan jirage harafin yakan canza. Layukan tsakiya suna kan fiffike, kuma wanda ya zauna a nan ƙarfe zai yi ta kallo har a sauka. Gaban fiffike ya fi, domin a bayansa zafin da injin yake fitarwa yakan sa hoto ya yi rawa.

Rana

Jirgin da ya nufi kudu yana da gabas a hagunsa, yamma a damansa. Da safe rana tana dukan tagogin hagu, ta kashe ido, ta kuma fito da duk wani ƙarce da ke jikin gilashin. Wanda yake dama shi rana take bayansa, ƙasa kuma ta fito masa sarai. Da la'asar abin yakan juya, haka ma a kan hanyar dawowa arewa.

Misali: Katsina zuwa Abuja

Daga Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'adua zuwa na Nnamdi Azikiwe kimanin kilomita 450 ne, tafiyar kusan awa ɗaya. Idan jirgin ya miƙe kai tsaye, yakan ratsa kudancin Jihar Katsina. Madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma tana faɗowa a dama, haka ma Funtuwa. Malumfashi, Ƙafur da ƙasar Gozaki suna hagu, daga nan sai Zariya.

A nan ne zaɓin yake da ɗan wuya. Ɗan Gozaki da yake son hango gonakin auduga, masara da dawa na yankinsu, tagar hagu yake bukata, ita ce kuwa rana take duka a jirgin safe. Ya fi masa sauƙi a jirgin yamma, ko kuma ya jira dawowa: jirgin da ya nufi Katsina da la'asar yana da Gozaki a damansa, ranar kuma tana hagu. Daga wannan nisa ba a bambance gida da gida; abin da ake gane gari da shi shi ne kwalta, rafuka da duwatsu. Masu kula da zirga-zirgar jirage kan iya karkatar da hanya, iska kuma ita take tantance ta inda za a sauka, don haka Dutsen Zuma yakan bayyana wani lokaci a hagu, wani lokaci a dama.

Yanayin shekara

Wannan ya fi duk sauran tasiri. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rufe ƙasa jim kaɗan bayan tashi, har wani lokaci ya sa a soke tashin ma baki ɗaya. A Yuli da Agusta gajimare ne yake tare ido. Lokacin kaka, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwan sama ya wanke ƙura, madatsun ruwa sun cika, fadamu suna kore shar, gonakin tudu kuma sun fara yin ja.