Asusun Magani Mai Juyawa da Kiwon Lafiyar Iyali a Ƙananan Hukumomin Jos

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda sassan lafiya na ƙananan hukumomin Jos ke riƙe awon ciki, rigakafin yara da tazarar haihuwa alhali kuɗi ba ya isa.

An ɗora wa ƙananan hukumomi kiwon lafiya matakin farko a zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti, daidai lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Albashi kan lashe mafi yawan kaso, ragowar ba ta sayen magani. Da aka raba Jos gida biyu a 1991, Arewa da Kudu mai hedkwata a Bukuru, kowace ta buƙaci nata sashen da nata ma'aikatan.

Wata mafita ta fito daga taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987: a ba asibitin sha-ka-tafi jarin magani sau ɗaya, ya sayar da 'yar riba, ya saro wani. Dabara ce ta 'yan koli, kuma rauninsu ta gada: ranar da aka taɓa uwar kuɗi don toshe wata ɓaraka, ɗakin magani ya zama wayam. Matalauciya kuwa, wadda dominta aka gina asibitin, ita farashi ke fara kora.

Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, wani ɓangarensa yana shiga asusun asibitoci kai tsaye. Sai dai galibi asibiti guda ake zaɓa a kowace mazaɓa.