Masu Cewa A Kai Su Tsibiri

Duk lokacin da aka kama 'yan bindiga a yankin Tsafe ko hanyar Bungudu, sai majalisun Gusau su ɗauki zance ɗaya: a loda su a jirgin ruwa, a watsar da su wani tsibiri, yadda Ingila ta yi da nata miyagun a Ostireliya.

Sai dai galibin waɗanda aka kwasa ba makasa ba ne, don a zamanin mai kisa rataya ce rabonsa. Ƙananan ɓarayi ne, masu satar tufafi, tumaki da agogo, har da mata da yara. Ayarin farko, jirage 11 ƙarƙashin Arthur Phillip, ya tashi a Mayun 1787, ya isa a Janairun 1788. Kafin a rufe harkar a 1868, an kwashi mutum wajen 162,000.

Ayari na biyu, na 1790, shi ya kamata masu wannan kira su sani. Gwamnati ta ba kamfanin Camden, Calvert & King kwangila, alhali sana'arsa fataucin bayi. Aka biya shi bisa kowane kai da ya shiga jirgi, ko ya sauka da rai ko a jefa gawarsa teku. Kamar a biya direban tirela kuɗin shanu cas tun wajen lodi ne, a ce masa babu mai ƙirga su a Legas: me zai sa ya tsaya ba su ruwa? Abincin wanda ya mutu ma riba ne, ana sayar da shi in an sauka. Cikin fursunoni kusan 1,000, fiye da 250 suka mutu a hanya. Sai da aka ɗaura wani ɓangare na kuɗin a kan isar da mutum da rai, aka kuma sa likitoci masu iko a jiragen, sannan mace-macen suka ragu. Masu raba kwangilar ciyar da fursunoni a gidajen yarinmu za su iya duba wannan lissafin, in sun samu sukuni.

Mu ma an gwada mana kora. A 1903, shekarar da rundunar Kano ta gwabza da Turawa a Kwatarkwashi, aka kama Sarkin Kano Alu, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sarakuna aka kora a nan, ba ɓarayin shanu ba.