Tarwadar da Ba Ta Kai Tsawon Ɗan Yatsa Ba: Yadda Ake Kiwonta a Tankin Gilashi

Idan aka ce tarwada, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne baƙin kifin nan mai santsi da gashin baki, wanda ake kiwo a kududdufi, a gasa ko a yi farfesu. Amma dangin tarwada suna da yawa, har da wasu ƙanana a kogunan Kudancin Amurka waɗanda ko sun tsufa da ƙyar suke wuce santimita 3. Ba don ci ake kiwonsu ba, don kallo ne, a cikin ƙaramin tankin gilashi a ɗaki.

Iri uku ne suka fi shahara. Akwai Corydoras pygmaeus na kogin Madeira a Brazil, wanda aka sa wa suna a 1966, mai baƙin layi daga hanci zuwa wutsiya. Akwai Corydoras hastatus, sananne tun 1888, mai baƙin tabo a gindin wutsiya. Sai Corydoras habrosus na yankin kogin Orinoko a Benezuwela da Kolombiya. Ba su da santsin tarwadarmu. Faranti-faranti na ƙashi ne jere biyu suka rufe jikinsu kamar sulke, ga ƙaya a fiffiken baya da na gefe. Ƙayar nan tana maƙalewa a raga, don haka gara a kwashe su da kofi.

Mutane da yawa suna zaton ƙaramin kifi da ƙaramin tanki su ne mafi sauƙi. Ba haka ba ne. Ruwa kaɗan ya fi saurin lalacewa, ya fi saurin yin zafi ko sanyi. Tankin lita 40 shi ne mafari mai kyau, kuma mai faɗi ya fi mai tsayi, domin a ƙasa suke kiwo. A zuba guda 8 zuwa 10, don kifaye ne masu zaman garke. Wanda ya sayi biyu kawai zai ga sun lafe a lungu, sai ya ce ba su da kuzari, alhali tsoro ne ya hana su sakat. Idan suna da yawa, nau'i biyu na farko har tasowa suke yi tsakiyar ruwa suna shawagi tare.

A shimfiɗa yashi mai laushi, ba tsakuwa mai kaifi ba. Da gashin bakinsu suke lalubar abinci, kuma ƙasa mai kaifi ko mai datti tana cinye shi. A sa tsirran ruwa da ɗan itace don su sami maɓoya. Na'urar tace ruwa ta soso ta fi dacewa, domin ba ta zuƙe 'ya'ya.

Inda yawancin masu farawa ke asara shi ne gaggawa. Kashin kifi yana zama amoniya, amoniya kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a cikin soson nan su ne ke juya ta zuwa abin da bai kai ta illa ba, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. Wanda ya cika tanki yau ya zuba kifi gobe, shi ya kashe su da hannunsa. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin ma sai an kashe masa kaifi tukuna. Bayan an kafu, a riƙa sauya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, kuma a wanke soson da ruwan tankin, ba na famfo ba.

A ƙasarmu akwai ƙarin jidali biyu: zafi da ɗauke wuta. Kifayen nan sun fi son ruwa mai ma'aunin zafi 22 zuwa 26, bazarar Sakkwato ko Maiduguri kuwa ba ta san da wannan ba. A ajiye tankin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, a sa fanka tana kaɗa saman ruwan. A kuma tanadi ɗan famfon iska mai batir. Za ka ga lokaci-lokaci ɗaya ya zabura sama ya haɗiyi iska ya dawo. Ba ciwo ba ne, ta hanjinsu suke iya shan iskar. Amma idan abin ya zama babu ƙaƙƙautawa, to ruwa ba ya tsami banza, a duba shi.

Kada wani mai shago ya ce maka su masu share tanki ne da ba sa buƙatar abinci. Ba sa cin kashi. A ba su abinci ƙanana mai nutsewa, da ƙananan tsutsotsin ruwa, gwargwadon abin da za su cinye nan take.

Maƙwabtansu kuwa, doka ɗaya ce: duk kifin da bakinsa zai iya haɗiye su, kada ya shiga. Wannan ya fitar da karfasa da kurungu da 'yar'uwarsu tarwada. Waɗanda suka dace su ne ƙananan tetra masu launin garwashi na Brazil, da ƙananan rasbora na tsibirin Borniyo, da jajayen jatan lande.

Sai dai a nan mutum zai zaɓa: kallo yake so ko haihuwa? Maƙwabcin da ba ya taɓa babba zai lashe ƙwai da 'ya'ya. A tanki mai cike da tsirrai, ɗaya-biyu za su tsira, amma mai neman yawa ya ware musu nasu tankin. A haɗa maza biyu ga kowace mace. Macen ta fi girma da faɗin ciki idan an dube ta daga sama. A ciyar da su sosai, sannan a sauya ruwa da wanda ya ɗan fi sanyi, domin a kogunansu saukar damina ce ke tayar da su. Namiji zai gitta a gaban mace, ita kuma ta riƙe ƙwai tsakanin fikafikan cikinta, ta je ta manna shi a ganye ko a gilashi, sau da yawa ɗaya bayan ɗaya. Cikin kwana 3 zuwa 5 sai su ƙyanƙyashe. Bayan kwana biyu ko uku 'ya'yan za su fara neman abinci, kuma sai mai laushi ƙwarai, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini.

Idan har ka ƙudurta kiwonsu, fara sayen ma'aunin zafi, ka cika tankin da ruwa ka auna shi a tsakiyar bazara. In ya zauna sama da 30 kuma ba ka da hanyar sanyaya shi, ka bar kuɗinka a aljihu.