CINIKIN BIRI A SAMA: YADDA AKE MAIDA KAYAN DA AKA SAYA DAGA NESA

Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama. To amma zamani ya zo da wani irin ciniki wanda mai saye ba ya taɓa haja, ba ya gwada ta, sai dai ya ga hotonta ya biya kuɗi. Tsofaffin ma'aikata na Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa ba su manta da manyan littattafan nan na talla ba, waɗanda ake ce ma katalog, da ke yawo daga biro zuwa biro. Malamin lakwal ko akawu ya zaɓi takalmi ko agogo, ya aika manda, sa'an nan ya zauna jiran takardar sanarwa cikin akwatinsa na gidan waya. Kamfanin La Redoute na birnin Rube, a arewacin Faransa, ya fid da katalog nasa na farko a 1928. A birnin ne kuma aka kafa 3 Suisses a 1932. Shi kuwa Manufrance ya rushe tun 1985.

Yau wayar salula da intanet sun maye gurbin waɗannan littattafai, amma matsalar tana nan inda take. Kaya su iso, a buɗe koli, a tarar riga ta yi kaɗan, ko launin yadi ya saɓa ma na hoto. Yaya za a maida su ba tare da an yi hasara biyu ba, wato ba kaya, ba kuɗi? Tambayar ta shafi ɗalibai da ƴan ƙasa mazauna Faransa, ta kuma shafi masu yo odar kaya daga nan gida.

ABIN DA DOKA TA TANADA

A Faransa, wata doka ta 1988 ta ba mai saye daga nesa kwana 7 ya maida abin da bai yi masa ba. Daga baya ƙasashen Tarayyar Turai suka daidaita ƙa'idojinsu a 2011, Faransa kuma ta shigar da su cikin dokarta a 2014. Tun daga lokacin, mai saye yana da kwana 14 daga ranar da kaya suka shiga hannunsa domin ya sanar da kamfani cewa ya fasa, ba sai ya faɗi dalili ba. Bayan sanarwar yana da wasu kwana 14 na aika kayan. Kamfani kuwa wajibi ne ya maida kuɗin haja duka, har da kuɗin kawowa bisa farashi na yau da kullum.

Sai dai akwai abu uku da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, kuɗin maidawa a wuyan mai saye suke, in ba kamfani ya yarda ya ɗauka ba, ko kuwa bai sanar da shi haka tun farko ba. Na biyu, akwai kayan da ba a fasa cinikinsu: abin da aka ɗinka ko aka ƙera bisa awon mutum, da abinci mai saurin lalacewa, da kayan tsabtar jiki waɗanda aka ɓalle hatiminsu. Na uku, gwaji halal ne, amma amfani ba gwaji ba ne: wanda ya sa riga ya je biki da ita, kamfani na iya rage masa kuɗi. In kuwa kayan sun iso a lalace, ko ba su ne aka yi oda ba, wannan wata magana ce dabam, domin a nan kamfani ne ke ɗaukar ɗawainiyar gyara kuskurensa.

HANYOYIN DA SUKA FI ARAHA

Hanya ta farko ita ce a duba ko kamfani ya ba da takardar maidawa wadda ya riga ya biya. In akwai ta, sai a manna a kan koli a kai inda aka ce. Amma kada a ɗauka kyauta ce ko yaushe, gama wasu kamfanoni suna cire kuɗinta daga abin da za su maido. Kamfanin tufafi na Zara, alal misali, ya soma karɓar kuɗi a 2022 a kan kayan da aka maido ta wurin masu jigila, alhali wanda ya kai da ƙafarsa kanti ba ya biyan ko dala. Saboda haka, inda kamfani ke da kanti kusa, kai kaya hannu da hannu shi ne mafi sauƙi.

Hanya ta biyu ita ce ta kantunan unguwa masu karɓar koli, kamar waɗanda ke aiki da Mondial Relay ko Relais Colis. Mai kantin jarida ko na kayan masarufi ya karɓi koli, ya ba da shaida, mota ta zo ta kwashe. Galibi ta fi gidan waya araha, ko da yake takan ɗan fi jinkiri.

Hanya ta uku ita ce gidan waya kansa. A Faransa, ƙaramin abu wanda kaurinsa bai wuce santimita 3 ba yana iya tafiya cikin ambulan mai lambar bin sawu. Koli kuwa, har zuwa kilo 30, ana aika shi ta Colissimo. A nan ne ya kamata a yi lissafi. In koli ya ɓata a cikin Faransa, diyyar da aka saba biya ita ce yuro 23 a kowane kilo. Yuro guda kuwa tamma 655,957 ne na sefa, wato tamma 656 in an cike. Ke nan wayar salula mai nauyin giram 200, komi tsadarta, diyyarta ba ta wuce jika 3 da ƴan kai ba. Wanda zai maida abu mai daraja, sai ya ƙara kuɗi kaɗan ya sa masa inshora gwargwadon farashinsa. Araha ba ta ado.

MAI AIKAWA DAGA NIJAR

Wanda ke nan gida sai ya ƙara hattara, domin kada ya dogara da cewa dokar Turai za ta bi shi har ƙofar gidansa. Sharuɗɗan da kamfani ya rubuta su ne abin karantawa tun kafin a biya. Kuɗin duwan da aka biya lokacin shigowar kaya ba aljihun kamfani suka shiga ba, don haka ba shi zai maido su ba. Sau da yawa ma kuɗin jirgi kan zarce na hajar: rigar yuro 20, wato kimanin jika 13, gara a sayar da ita ga ɗan'uwa ko maƙwabci da a biya mata hanyar komawa.

In kuwa maidawa ta zama dole, ƙa'idojin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, su ne ja-gora. Ƙaramin ƙunshi ba ya wuce kilo 2. Ana cika takardar duwan, CN 22 ga kaya masu ƙaramar daraja, CN 23 ga masu tsada, a kuma sa alama a gidan da aka rubuta « retour de marchandise », domin kada ma'aikatan duwan na can su ɗauke su sabuwar haja su ɗora musu haraji. Turare da batir na litiyom wanda ba ya cikin na'ura ba sa shiga jakar jirgin sama. Lambar bin sawu tana da alamomi 13: baƙaƙe biyu, alƙaluma tara, da baƙaƙe biyu na ƙasa, NE ga Nijar, FR ga Faransa.

RESI SHI NE SHAIDA

Duk hanyar da aka bi, kada a baro wurin ba tare da resi ba. Dokar Turai ta ba kamfani damar riƙe kuɗi har sai kaya sun iso gare shi, ko kuwa an nuna masa shaidar aikawa. Wanda ba shi da wannan ƴar takarda, in koli ya salwanta, ba shi da bakin magana. Kafin a rufe kwali, a ɗauki hoton kayan, a sa lambar oda a ciki, a cire tsohon adireshi, a ɗaure da kyau. Sanarwar fasawa kuma a yi ta a rubuce, a ajiye kwafi, gama maganar baka iska ce.

Daga ƙarshe, kada a bari wankin hula ya kai mutum dare: kwana 14 ba su da wuyar cika. Wanda ya auna jikinsa kafin oda, ya kuma karanta sharuɗɗa kafin biya, ya rage ma kansa tafiya gidan waya. Rigakafi dai ya fi magani.