Karatun Gida: Me Ke Sa Iyaye Su Riƙe 'Ya'yansu?

Abin da aka neme ni in yi magana a kansa yau shi ne dalilan da kan sa iyaye su zaɓi karantar da 'ya'yansu a gida maimakon su kai su makaranta. Tun da fari ina so in raba abubuwa biyu waɗanda mukan cuɗanya su a bakinmu, watau karantar da yaro a gida da kuma riƙe yaro a gida. Daga bakin ƙofa kamarsu ɗaya, domin duka biyun ba ka ganin yaron ya fito da safe da jakar littattafai. Sai an shiga cikin gidan ake ganin bambancinsu.

Mu fara da namu na gado. Karatun gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wajen mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani, sa'an nan ya zarce wajen 'yan'uwan iyayensa, kafin ya fita neman wasu malamai. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, a cikin gida ta yi karatunta, ta kuwa kai ga rubuta waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Ba ta tsaya nan ba. Ta naɗa jajoji, watau mata masu ilmi, ta ba kowace malafa, su kuma suka riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka, waɗanda aka sani da 'yan taru. A nan ƙasar Zamfara ma, inda Shehu ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Goni ya soke shi a kan barin mata su halarci majalisinsa. Amsar da ƙanensa Abdullahi ya rubuta ita ce barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni.

To, ku lura da abu guda. Gidan da Asma'u ta tashi cike yake da malamai da littattafai. Ba don an hana ta fita ta zama malama ba, sai don akwai masu karantar da ita a inda take.

Da Turawa suka zo, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. Daga nan riƙe yaro a gida ya sami sabuwar ma'ana: gudun kada a sauya masa addini ko a lalata masa tarbiyya. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari, da yadda wani mai sarauta kan tura ɗan baransa a madadin nasa. Mukan yi dariya yanzu, musamman da yake 'ya'yan barorin ne suka dawo suna hukunci a ofis. Amma ni ban ɗauki iyayen nan wawaye ba. Baƙo ne ya ci ƙasarsu da yaƙi, sa'an nan ya ce su ba shi 'ya'yansu ya karantar. Wa zai miƙa hannu biyu? Wannan shakka ba ta gushe ba har lokacin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, ta kuwa bar saura har yau.

Bari mu leƙa waje kaɗan, don mu gane ba mu kaɗai ba ne. A Amurka wani malamin makaranta, John Holt, ya yanke ƙauna daga makarantun ƙasarsa, ya kafa wata mujalla a 1977 don iyayen da ke son karantar da 'ya'yansu da kansu. Wasu iyayen kuma, masu riƙon addinin Kirista, suka bi wannan hanya saboda aƙida. Zuwa 1993 dukkan jihohin Amurka 50 sun halatta karatun gida, kuma a 1999 hukumar ilmin ƙasar ta ƙiyasta yara wajen 850,000 ne ke yin sa. Da aka tambayi iyayen dalili a binciken da ya biyo baya, abin da suka fi ambata shi ne yanayin makaranta: tsaro, da ƙwaya, da miyagun abokai. A Ingila doka tun 1944 ta wajabta wa iyaye ilmantar da yaro, amma ba ta ce lalle sai a makaranta ba. Jamus kuwa ta haramta shi. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje na zauna kusa da wani gida da ke yin haka. Uwar ta bar aikinta, tana da jadawali manne a bango, ɗakin karatu na unguwa kuma yana nan kusa, ƙafa ke kai su. Abin da na koya a wurinsu shi ne wannan aiki yana cin lokacin mutum guda ɗungum.

Yanzu mu dawo gida. A ganina dalilan iyayenmu na yau ba su yi nisa da na Amurkawan nan ba, sai dai nauyinsu ya bambanta. Akwai mai gudun lalacewar tarbiyya, musamman ta 'ya mace. Akwai wanda ya ga ɗansa ya shekara shida a firamare bai iya rubuta wasiƙa ba, ya ce da wannan gara gona ko kasuwa. Wannan hukunci ne a kanmu mu malamai da ma'aikatan ilmi, kuma ban ga amfanin musunsa ba. Akwai ma'aikaci mai hali da ke ɗaukar malamin darasi ya zo gida da yamma, ga kuma malamin allo a zaure. Shi wannan gida biyu ya yi, maganin gobara.

Amma babban dalili a wannan yanki, wanda ya danne sauran, shi ne tsoro. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe. A farkon Satumban shekarar aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu. A 2022 aka sace ɗalibai mata na kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe daga masaukinsu. A Satumban 2023 kuma aka shiga gidajen ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, nan kusa da Damba, aka tafi da fiye da 20, akasarinsu mata. Duk wannan ya biyo bayan rufe makarantu na annobar korona a 2020. Uban da ya ji waɗannan labarai ya ce 'yarsa ta zauna, wane ne a cikinmu zai iya duban idonsa ya ce ya yi kuskure?

Sai dai tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: da ta zauna ɗin, wa ke karantar da ita? A gidan malamin jami'a ko babban ma'aikaci za a sami amsa. A gidan manomi a ƙauyukan Bunguɗu ko Tsafe, inda uwa ba ta taɓa shiga aji ba, uba kuma yana fama da yadda zai isa gonarsa, yarinyar nan ba karatun gida take yi ba. Talla ce da aikin gida, sa'an nan aure. Ba'amurkiyar da na ambata zaɓi ta yi tsakanin hanyoyi biyu. Manomin nan hanya ɗaya aka toshe masa, ba a buɗe masa wata ba. In muka kira su da suna ɗaya mun zalunce shi.

Dokarmu kuwa ba ta san da zaman ko ɗayansu ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta biyo bayan shirin da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ta wajabta wa iyaye su kai yaro firamare da ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, da farko a tsawata masa, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ba ta yi tanadin yaron da ake karantarwa a gida ba, balle wanda aka rufe makarantarsa. Abin mamaki, a can sama akwai ƙofa a buɗe, domin hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu, wadda mutum zai zauna ko da ba ya cikin wata makaranta. A ƙasa ne babu tsani.

Saboda haka ina da roƙo ga ma'aikatan ilmi da ke nan. Kowace ƙaramar hukuma ta san yaran da aka janye, unguwa unguwa, da sunayensu da ajin da suka tsaya. A kowace unguwa ta Gusau da kewayenta akwai mata masu takardar NCE da ke zaune ba aiki, akwai kuma malaman Islamiyya mata waɗanda iyaye suka riga suka amince da su. A ba su manhaja da littattafai da ɗan alawus, su tara yara goma goma a cikin gidaje, sufeto ya riƙa zagayawa, a ƙarshen shekara a yi wa yaran jarrabawa a rubuta sakamakon, yadda ranar da makaranta ta koma daidai yarinya za ta shiga ajin da ya dace da ita. Tsarin jajojin Nana Asma'u ke nan, ban ƙago kome ba. Ku kuma ɗalibai, wanda duk ke da ƙanwa a zaune a gida, in ya je hutu ya ɗauko littafin ajinta ya gwada ta, ya ga inda karatun ya tsaya.