Kalma Da Abokan Tafiyarta: Inda Turancin Ɗaliban Bakolori Ke Tuntuɓe

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun ya zama aikin takarda kamar yadda yake aikin fartanya. Manomi da Hausa yake shuka, da ita yake cinikin shinkafarsa ran Talata a kasuwa. Amma in magana ta kai ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ko banki, ko ofishin rabon taki, to sai an sa ta a Turanci. Wanda ake kira ya rubuta kuwa yawanci ɗan gida ne da ya gama sakandare, ko mai karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara.

Duk wanda ya saba duba irin waɗannan wasiƙu ya san fasalinsu. Za a ga “we are requesting for fertilizer”, sai “we have discussed about it”, a rufe da “we are waiting your reply”. Babu kalma ɗaya a nan da ba Turanci ba ce, babu kuma wadda aka ɓata rubutunta. Duk da haka jimla uku, kuskure uku. A biyun farko an cusa ƙaramar kalmar da aikatau ɗin ba ya buƙata, a ta uku an yar da wadda ba ya tafiya sai da ita. Yaron ya san ma'anar kowace kalma. Abin da ba a koya masa ba shi ne da wa kowacce take tafiya.

Masana koyar da Turanci sun daɗe da gano wannan, kuma ba a Ingila suka gano shi ba. Harold Palmer da A. S. Hornby a Japan suka yi aiki, cikin ɗaliban da suka haddace dubban kalmomi amma suka kasa haɗa jimla mai lafiya. Hornby ya zauna ya rarraba aikatau na Turanci gida 25 gwargwadon abin da ke biyo bayan kowanne, ya zuba wannan tsari cikin ƙamus ɗin da aka fara bugawa a Tokiyo a 1942, kamfanin Oxford ya sake fitar da shi a 1948. Jikan wannan ƙamus ne ɗalibanmu ke ɗauka har yau, su duba ma'ana su rufe, ba su ko kalli misalan da ke ƙasa ba, alhali saboda misalan aka yi littafin. Daga baya John Sinclair da mutanensa a Jami'ar Bamingham suka zuba miliyoyin kalmomi cikin kwamfuta, suka fitar da ƙamus ɗin COBUILD a 1987. Abin da binciken ya tabbatar shi ne, mai harshe ba kalma ɗai-ɗai yake tsinta ba, gungu-gungu yake ɗauko su a shirye.

Abin da ya kamata malamin Bakolori ya lura da shi shi ne, kurakuran ɗalibansa ba na ganganci ba ne, kuma ba a warwatse suke ba. Yawancinsu nahawun Hausa ne sanye da rigar Turanci, don haka ana iya sanin inda za su ɓullo tun kafin a shiga aji. Bahaushe yana cewa jira ni, saurare ni, dube ni, aikatau na faɗawa kan karɓau kai tsaye. Turanci kuwa sai ya sa tsani a tsakani: “wait for”, “listen to”, “look at”. Daga nan “wait me” ta samo asali. A ɗaya gefen, muna tattaunawa ne a kan magana, shi ya sa hannun yaro ke kaiwa ga “about” bayan “discuss”. Turancin ma yana da nasa laifin, domin suna “discussion” yana karɓar “about”, “request” in suna ne yana karɓar “for”, amma da zarar sun koma aikatau sai su ƙi.

Inda abin ya fi daɗin nazari shi ne giredin aikatau, tsarin nan mai hawa bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960, wanda duk ɗalibin Hausa a jami'a ya sha fama da shi. Hausa tana ɗaukar saiwa guda ta sauya mata wasalin ƙarshe ko ta ƙara mata ɗafi, sai ma'ana ta juya: saya da sayar, koya da koyar, fita da fito da fitar. Na ari fartanya, na ara masa fartanya, saiwa ɗaya ce. Turanci ba shi da wannan dabara. Ko dai ya kawo kalmomi biyu da ba su ko yi kama ba, “borrow” da “lend”, “learn” da “teach”, ko ya jingina wa aikatau ƙaramar kalma, “go out”, “come out”, “take out”. Yaron da ya ce “borrow me your pen” hankalinsa daidai yake aiki, ya ɗauka Turanci ma yana da tattalin da Hausa ke da shi. Malamin da ya san haka zai warware matsalar cikin darasi ɗaya. Wanda bai sani ba zai yi ta jan layi da jan biro har ƙarshen zango.

Haka batun sha da ci. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha iska, mu sha wahala. Muna cin tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci zaɓe, mu ci bashi. Turanci kowanne da nasa aikatau, kuma babu wata ƙa'idar da za ta gaya maka dalilin da ya sa magani “take” ake yi masa, jarrabawa “pass”, zaɓe “win”. Sai dai a haddace su tare, kamar yadda Baturen da ke koyon Hausa dole ya haddace cewa ba a cin magani. A bakin gona ma haka ne: ana tayar da injin ban ruwa, a buɗe famfo, a kashe wuta, kowanne kuma da kalmar da Turanci ya ware masa. Sauran kurakuran sanannu ne, irin su jam'inta abin da Turanci ba ya ƙirgawa, shawarwari su zama “advices”, kayan aiki su zama “equipments”.

Akwai kuskure ɗaya da ya wuce batun makin jarrabawa. A tambayi Bahaushe, “Ba ka sha maganin ba?” Zai ce, “I, ban sha ba.” Yana gaskata maganar mai tambaya ne. A Turanci amsar tana bin abin da ya faru, wanda bai sha ba “no” zai ce. Sai a ɗauki wannan a kai shi gaban likitan da ba ya jin Hausa, ko gaban alƙali, a ga inda “yes” guda za ta kai mutum.

Kada kuma a ɗauka Hausa cikas ce kawai. Jerin jimlarta iri ɗaya ne da na Turanci, aikau, aikatau, karɓau. Tana bambanta shi da ita, don haka ɗan Bahaushe ba ya cika rikita “he” da “she”, matsalar da masu harsunan da ba su da jinsi ke fama da ita.

To, wa ya ce dole sai an yi irin Turancin Landan? Tambaya ce mai tushe. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya fitar da littafi guda a 1991 kan yadda 'yan Najeriya ke sarrafa Turanci, kuma a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da “Kannywood” da “next tomorrow”, wato jibi. Bazamfare na cewa wanga, Bakano na cewa wannan, babu wanda ya fi wani Hausa. A ganina “I am coming” da mutum ke faɗa yana fita, wadda ita ce “ina zuwa” tamu, ba ta cuci kowa ba a tashar Mafara, kuma ɓata lokaci ne a tsaya yaƙi da ita. Sai dai ƙamus ya fi saurin karɓar sabuwar kalma a kan sabon ginin jimla, mai duba jarrabawa kuma ya fi ƙamus tsauri. A takardar insha'i ta WAEC, cikin maki 50 an ware 10 ga tsabtar rubutu, kowane kuskure na cin rabin maki. Kuskure 20 sun share goman nan kaf, kuma ba wuya yaro ya tara su kafin ya kai tsakiyar shafi na biyu. Ba kiredit a Turanci kuwa, ba shiga Jami'ar Jihar Zamfara da ke nan Mafara, ko da yaro ya fi kowa lissafi.

Saboda haka gyaran ba ya buƙatar kwangila. A daina rubuta wa yara jerin kalmomi a allo da ma'anarsu a gefe. In za a koyar da “apply”, a koyar da ita da “for” ɗinta da “to” ɗinta, cikin jimlar neman aiki ko neman rancen noma. A koya musu karanta misalan ƙamus. Dokar nan ta cin tarar wanda ya yi Hausa a aji ita ma a sake duba ta, tunda malamin da ya haramta wa kansa ambaton Hausa ya rufe ƙofar da zai bi ya nuna wa yaro tushen kuskurensa.

Ga shugabannin makarantun Mafara da Bakura da Maradun, da Ma'aikatar Ilimi a Gusau: a zaunar da malamin Hausa da na Turanci teburi ɗaya kafin zango mai zuwa, su fitar da jerin wuraren da harsunan biyu suka saɓa, a raba wa kowane aji tun daga ƙaramar sakandare.